Tsatsar Mashin ɗin Malam Bala

Tun hantsi ruwa yake dukan kwanon zauren gidan marigayi Malam Bala mai tsire, irin ruwan nan na Duwala da ke zuba har mutum ya manta yadda rana take. Lambatun unguwar New Bell duk sun cika sun tumbatsa. Khaulat ta tattare bakin zaninta, ta tsallake taɓon tsakar gida da kofin shayi a hannu, ta tsaya daga bakin ƙofar zauren inda ake hangenta daga ciki, don kada a ce ta keɓe da namiji.

Zakariya'u yana durƙushe a gindin mashin ɗin mahaifinta, bai ma ji zuwanta ba.

"Sannu da aiki," ta ce. "Ya motsa?"

Ya ɗago ya goge gumi da bayan hannu, ya yi mata murmushin nan nasa da ke ba ta haushi duk ranar da take cikin damuwa.

"Zai motsa. Ça va aller, komai zai daidaita."

"Haka ka ce wancan makon."

"Ai wancan makon ma gaskiya na faɗa. Lokacinsa ne bai yi ba."

Ta ajiye kofin a kan dakali da ɗan ƙarfi har shayin ya fantsalo. Gobe fa Juma'a, shi kuma yana nan yana yi mata zancen lokaci.

Babu wanda bai san labarin ba a unguwar. Zakariya'u makanikin 'yan bensikin ne, wato masu haya da mashin. Daga Garwa ya zo, kuma ba shi da uba ko kawu a Duwala da zai shige masa gaba. Khaulat kuwa tela ce mai shagonta a bakin kasuwa, ta wuce shekarun da za a zaɓa mata miji, kuma ta faɗa ta maimaita cewa shi take so. Sai dai waliyyinta shi ne ƙanin mahaifinta, Baffa Mudi, shi kuwa tuni ya miƙa zuciyarsa ga Alhaji Jalaluddeen, Bakano mai sayar da yadi. Alhaji mutum ne mai ƙamshi da kirki daidai gwargwado. Laifinsa ɗaya a wurin Khaulat shi ne ba shi take so ba.

Ranar da Zakariya'u ya roƙi limamin unguwa ya nema masa izini, Baffa ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya nuna mashin ɗin da ke rufe da tamfol a zaure ya ce, "In makanikin gaske ne, ga mashin ɗin Yaya nan. Ya tada shi, ya hau, ya fita da shi daga zauren nan kafin a sauko daga sallar Juma'ar da mutanen Alhaji za su zo gaisuwa. Ba yanka, ba wuta, ba canjin ƙarfe, don mai ɗakin marigayi ba za ta yarda ba. In ya yi, na ba shi."

A gaban liman da dattawa ya faɗa, kuma ya faɗa ne don ya tabbata ba za ta yiwu ba. Makanikai biyu sun riga sun duba mashin ɗin sun ɗaga hannu.

Injin bai wahalar da Zakariya'u ba, tun makon farko ya sa shi ya yi tari ya tashi. Abin da ya gagara shi ne aks, wato doguwar sandar ƙarfen da ke ratsa gangar jikin mashin ta riƙe hannuwan nan biyu masu rungume da tayar baya. A kanta hannuwan suke yin sama da ƙasa idan an faɗa rami. Tsatsa ta cinye ta ta haɗe ta da bututun da take ciki, hannuwan suka ƙage a karkace, tayar na gugar ƙarfe, ko turawa ba a iya yi. In da wani mashin ne, da tuni an yanke aks an sa sabo an tafi shan shayi.

Khaulat ta sunkuya ta dubi wurin. Ya naɗe bakin aks ɗin ta ɓangare biyu da tsumma jiƙe da gazuwal, wato man dizal, yana ɗiga masa ƙari da tsohon sirinji. Wannan aikin ta sha ganinsa. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda kowace Asabar take samunsa ya koma farko, bakin ƙarfen ya sake yin jawur.

"Ka faɗa min gaskiya," ta ce. "Safe da yamma kana ba shi mai, ka ce ya fara sha. Me ya sa kullum sai ka koma baya?"

Ya ɗauki shayin ya kurɓa, ya ƙi kallonta.

"Zakari."

Idonsa ya kai kusurwar zauren kafin ya kama kansa. Ta bi inda ya kalla. Baho ne na roba a kife, da soso, da ledar omo a kansa. Kayan Inna ne, mahaifiyarta.



"Wankin Juma'a," ta ce a hankali.

"Khaulat, bari."

"Wankin Inna ne, ko ba shi ba?"

Ya ajiye kofin ya sauke numfashi. "Duk abin da na jiƙa cikin mako, wankin safiya ɗaya yana kwashe shi. Tana cire tsummokaran don tana ganin datti ne. Omo ya cinye man, ruwa ya shige ciki ya kwanta, a kawo tamfol a rufe. Garin nan kuwa kin san shi, ko cokali kika manta a waje sai ya yi ja. Tun kafin in zo abin yake faruwa. Waje yana ƙyalli, ciki yana ruɓewa."

"Kuma ka sani, ka yi shiru?"

"Na taɓa zuwa da sassafe na same ta tana wanke shi tana yi masa hira. Da baya na koma. Vraiment, gaskiya ba ni zan raba ta da wannan ba."

"To ni fa?" ta ce. "Ni ce za ka iya rabuwa da ni? Gobe da safe za ta sake wanke shi, da azahar baƙi su zo, kai kana nan da sirinjinka da kunyarka!"

"Zan sake jiƙa shi."

"Yaushe? Bayan an sa min rana da wani?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi da haushi, don ba ta so ya gani. Wannan hali nasa shi ya sa take sonsa, kuma yau shi ne yake neman kashe ta.

Sallamar Baffa Mudi ce ta katse su. Ya shigo yana kakkaɓe lema, ya dubi mashin, ya dubi Zakariya'u, fuskarsa fal fara'a.

"Injiniya! Ana ta fama? Ashiya, sannu da ƙoƙari. Kar ka kashe kanka, ɗana, ƙarfe ba ya jin lallashi." Ya juya ga Khaulat. "Ke kuma shige ciki. A tanadi kaji gobe, mutanen Kano ba a ba su kunya."

"To, Baffa," ta ce.

Ta shige, amma ba zancen kaji ne a ranta ba.

Bayan magariba ta sami Inna Asibi a ɗakinta, zaune a kan darduma da carbi a hannu. Tun rasuwar Malam Bala Inna ta rage magana. Ko a zancen auren autarta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta bar wa Baffa komai. Kowa kuwa ya san in da za ta buɗe baki, Baffa bai isa ya tsallake ba, don ita ta goya shi lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya.

Khaulat ta durƙusa a gabanta.

"Inna, alfarma na zo nema."

"Ina jinki, Auta."

"Kar ki wanke mashin ɗin Baba gobe."

Carbin ya tsaya. "Shi yaron ne ya aiko ki?"

"Wallahi hana ni ya yi. Ni na kawo kaina." Ta matso kusa. "Inna, ruwan ne yake kawo tsatsar. Wankin ne ya ƙage ƙarfen."

Inna ta ɗago ta dube ta.

"Wato ni na kashe mashin ɗin ke nan."

"Ban ce haka ba, Inna."

"Kin ce mana! Shekara nawa ina wanke mashin ɗin nan? Tun ba a haife ki ba. Mahaifinki ya ɗauko nama daga mahauta duk mako, jini da kitse su bi ko'ina, ran Juma'a in wanke masa tas ya hau ya tafi masallaci kamar wani babban mutum. Bai taɓa tsatsa ba!"

"Lokacin yana hawa, Inna. Zafin inji da iska suna busar da shi. Yanzu a ajiye yake, a rufe."

Inna ta kau da kai. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Kin san ba mu da lokacin hira, ni da shi? Da asuba ya fita, sai tsakar dare ya dawo yana warin hayaƙi. Safiyar Juma'a kaɗai muke da ita. Ina wanki, yana zaune a dakali yana tsokanata wai na fi son mashin a kansa. Ranar da ya rasu maza suka shigo suka yi masa wanka, suka ɗauke shi, ko ruwan ban taɓa ba. Da Juma'a ta zagayo na rasa inda zan sa hannuna. Sai na ɗauki baho." Hawaye suka gangaro mata. "Shi ne kika zo ki karɓe?"

Khaulat ta kifa kanta a gwiwar uwarta tana kuka.

"Ki yafe min, Inna. Ni ma ina kewarsa. Amma Baba ya tafi, ni ina nan. Mutumin nan ya san komai tun makon farko. Ya gwammace ya rasa ni da ya ɓata miki rai da kalma ɗaya. Ni kuwa ba zan iya rasa shi ba, Inna. Ba zan iya ba."

"Tun makon farko ya sani?"

"Tun makon farko."

"Kuma kullum yana gaishe ni yana cewa an gode da wanki?"

Khaulat ta gyaɗa kai.

Inna ta zame gwiwarta a hankali ta ci gaba da jan carbi. "Tashi ki je. Zan yi isha'i."

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba.

Washegari ruwa ya ɗauke. Khaulat ba ta buɗe shago ba. Tana shara ta ji sallamar Zakariya'u a zaure, jim kaɗan kuma ta ga Inna ta fito daga ɗaki, ta nufi zauren, ta ɗauki bahonta. Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Khaulat, ta bi ta a guje.

Zakariya'u ya miƙe ya rusuna. "Ina kwana, Inna. Bari in matsa miki."

Har ya fara tattara kayan aikinsa. Inna ta kife bahon kusa da tayar baya, ta zauna a kai, ta naɗe hannun rigarta.

"Zakari."

"Na'am, Inna."

"Daga yau in ka ga ina ɓarna ka faɗa min, ka ji? Ba na son irin wannan ladabin. Miƙo min abin ɗigar nan, ka nuna min inda ake zubawa."

Ya dubi Khaulat, ta sunkuyar da kai. Ya miƙa sirinjin da hannu biyu.

Haka suka duƙufa. Inna tana ɗiga gazuwal a bakin aks, shi kuma ya ɗora guntun katako a kan ƙarfen yana bugawa da guduma, don kada kan ya baje ya ƙi fita har abada. Ya buga kaɗan, ya sa sifana ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya sake bugawa. Khaulat ta riƙe kan mashin ɗin da dukan ƙarfinta don kada ya kife.

"Buga da ƙarfi mana!" ta ce.

"Doucement, a hankali. In na yi fushi da shi, zai karye a ciki."

Rana ta ɗaga, zauren ya ɗauki zafi. Hannun Khaulat ya yi tsami, amma ba ta saki ba. Can sai aka ji wani ɗan ƙara siriri, kamar an taka busasshen ganye. Wani jan ruwa mai kauri ya tsattsafo daga bakin bututun.

"Ya yi magana!" Inna ta ce da ƙarfi. "Zakari, ya yi magana!"

"Ƙara masa, Inna, ƙara masa!"

Ya murɗa, aks ya juya da ƙyar. Ya sake murɗawa, ya ƙara juyawa. Da kaɗan da kaɗan ya riƙa leƙowa ta ɗaya gefen, har Zakariya'u ya kama shi da tsumma ya zare shi gaba ɗaya. Khaulat ta zauna a dakali tana dariya da hawaye tare.

Amma abin da ya fito ba abin kallo ba ne. Tsatsa ta yi masa ɓawo, ba ka ce ƙarfe ne ba.

"Zai yi kuwa?" Inna ta tambaya.

"Sai mun ga abin da ke ƙarƙashi."

Ya kankare ɓawon da burushin waya, ja yana zuba a ƙasa. Ya yanko sanfefa mai kaushi, ya jiƙa da mai, ya nuna wa Inna yadda za ta naɗe ƙarfen tana murzawa a zagaye, kada ta ci gefe ɗaya. Shi kuma ya koma kan bututun, wanda cikinsa ya fi aks ɗin muni, yatsa kuma ba ya kaiwa. Inna ta aiki Khaulat ta ɗauko tsinken ƙarfe cikin kayan tsiren Malam. Suka naɗa masa sanfefa, ya riƙa zurawa yana juyawa, ya zaro ya goge, ya canja ya sake zurawa. Daga mai kaushi suka koma mai laushi. A hannun Inna ƙarfen ya bar ja ya koma toka-toka, daga nan ya fara haske. Akwai 'yan ramuka a jikinsa inda tsatsa ta ci, amma da Zakariya'u ya mirgina shi a kan dakali sai ya tafi sumul, bai lanƙwashe ba.

"Zai yi," ya ce. "Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba."

Bai rufe baki ba aka kira sallar Juma'a.

Khaulat ta dubi ƙasa. Taya a gefe, sarƙa a gefe, hannuwan baya a jingine da bango, notuna a cikin murfin kwano. Ta dubi Zakariya'u, ta ga yana goge hannu.

"Ina za ka?"

"Masallaci."

"Zakari, saura haɗawa kawai! In ka tsaya za ka gama kafin a sauko daga masallaci!"

"Wataƙila in gama." Ya kalle ta, idonsa ya yi ja. "Amma ba zan hau mashin ɗin Malam Bala in fita da shi a lokacin da shi yakan kasance a sahun gaba a masallaci ba. Ki yi haƙuri, Khaulat."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ta rasa ko ta yi ihu ko ta yi kuka. Inna kuwa ba ta ɗago ba, tana ta goge aks ɗin da farin ƙyalle.

Baffa Mudi ne ya fara dawowa, ya ja liman ya zo da shi don ya zama shaida. Ya tsaya a tsakiyar zaure cikin babbar rigarsa ya ƙare wa tarkacen kallo, ya tafa hannu.

"To, alhamdu lillahi! Malam, ka gani da idonka. Na ce ya hau ya fita, ga shi ko tsayuwa mashin bai yi ba. Magana ta ƙare, ba wanda aka zalunta."

"Baffa, aks ɗin fa ya fita," Khaulat ta ce. "Ba yanka, ba wuta."

"Ni aks na yi wa alkawari?"

A daidai nan Zakariya'u ya yi sallama daga waje.

Inna, wadda ta wuni kafaɗa da kafaɗa da shi tana kiran sunansa, ta miƙe zumbur. Ta ajiye ƙarfen a kan ƙyalle, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta shige bayan ƙofar cikin gida tun kafin ya sako ƙafa.

"Yaya Asibi, ina za ki?" Baffa ya ce. "Dawo ki gaya wa yaron nan da bakinki ya kwashe kayansa, baƙi na hanya."

Sai muryarta ta fito daga bayan ƙofa, ba rawa a cikinta.

"Mudi, a ina ka taɓa ganin mace ta tsaya gaba da gaba tana magana da mijin 'yarta?"



"Auta," Inna ta ci gaba, "ki ce da mutumin Garwa abincinsa na nan a rufe. In ya gama aikinsa a kai masa."

Zakariya'u ya durƙusa nan inda yake a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Liman ya yi gyaran murya ya shafa gemu.

"Malam Mudi," ya ce, "wannan kuma ta wuce maganar mashin."

A waje mota ta tsaya, aka danna ham, aka ji ana buɗe ƙofofi da muryoyin Kanawa suna tambayar ko nan ne gidan. Baffa ya dubi ƙofar waje, ya dubi ƙofar da Inna take bayanta, zufa na bin wuyan rigarsa.

Khaulat ta share fuskarta. Ta sunkuya ta ɗauki aks ɗin da gwangwanin giris, ta ratsa ta gaban Baffanta, ta ajiye su a gaban Zakariya'u.

"Tashi ka ƙarasa," ta ce. "Ni zan riƙe maka."